KALMAR "MATERIALISE" DA YADDA A KE AIKI DA ITA

Akwai waɗansu kalmomi na Turanci waɗanda 'yan makaranta ke ƙauna ƙwarai, ba don kome ba sai don tsawonsu da daɗin faɗarsu a baki. Da yaro ya gamu da irin wannan kalma a jarida, sai ya riƙe ta kamar wanda ya tsinci sule a hanya, ya dinga neman inda zai kashe. In zai rubuta takardar neman aiki ya cusa ta, in an ba shi insha'i ya cusa ta, ko ta dace da wurin ko ba ta dace ba. Ɗaya daga cikin irin waɗannan kalmomi ita ce "materialise", ita ce kuwa za mu duba a wannan fitowa.

Kada wani ya ce, ina amfanin ɓata takarda a kan kalma guda? Mu da mu ke koyon aikin malanta, kuskurenmu ba daidai ya ke da na sauran mutane ba. Akawu in ya yi kuskuren Turanci, kuskuren nan ya tsaya cikin fayil. Amma malami in ya rubuta kuskure a allo, yara 40 za su kwafe shi da kyakkyawan rubutu, su haddace, su tafi da shi gida. In ya yi shekara 30 yana koyarwa, to, ya raba kuskuren nan ga mutum 1,200 ke nan. Sabo da haka wajibi ne mu san kalma ciki da waje kafin mu miƙa ta ga yara.

Ga ma'anar a taƙaice. In Bature ya ce abu ya yi "materialise", yana nufin abin nan dā ba a ganinsa, yana cikin zuciya ne, ko a baki, ko a takarda, sa'an nan ya zo ya sami jiki, har ido ya gan shi, hannu ya taɓa shi. Wanda ya riƙe wannan, sauran bayanin duka zai zo masa da sauƙi.

ASALIN KALMAR

Kalmar nan gini biyu ce. Gindinta shi ne "material", watau abin da a ke yin wani abu da shi, kamar yadi ga tela, ko fata ga dukawa, ko ƙarfe ga maƙeri. Ita kuwa "material" ta fito ne daga "materia" ta harshen Latin, harshen Rumawan dā. A wurinsu ma'anarta ta fari ita ce itacen gini, katako da azara, daga baya ta zama sunan duk abin da ke da jiki. Masana harshe suna danganta ta da "mater", watau uwa, domin kututturen itace shi ne uwar rassa.

Wutsiyar kalmar kuwa, "ise" ko "ize", asalinta daga harshen Girkawa ne. Aikinta shi ne ta mai da suna ko sifa su zama fi'ili, da ma'anar mayarwa ko zama. Haka a ke samun "modernise" daga "modern", da "legalise" daga "legal". In an haɗa gindi da wutsiya ke nan, sai a sami "zama mai jiki".

Mutanen Amurka da "z" su ke rubuta ta. A Ingila ana rubuta ta da "s", ana kuma rubuta ta da "z", har ma maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta fi son "z". Duka biyu daidai ne. Abin da ba a so shi ne yaro ya sa "s" a layin farko, ya sa "z" a layi na biyar. Ya zaɓi ɗaya ya tsaya a kai. Wajen faɗa kuma gaɓa biyar gare ta, ma-ti-ri-ya-laiz, ƙarfin murya yana kan gaɓa ta biyu. Yaranmu sun saba su ɗora ƙarfin a gaɓar ƙarshe, sai malami ya lura da wannan tun ranar farko.

YADDA MA'ANARTA TA SAUYA

Kalma kamar mutum ce, tana da ƙuruciya, tana da tsufa. A 1710 wani marubucin Ingila mai suna Joseph Addison ya yi aiki da wannan kalma cikin jaridar Tatler, inda ya ke yabon Virgil, mawaƙin Rumawa, a kan yadda ya ɗauko tunani mai zurfi na masu falsafa ya sa masa jiki, har mai karatu ya ga kamar a gabansa abin ya ke. A zamanin nan mutum ne ke yi wa abu "materialise", watau ya ba shi siffa.

Ma'anar da mu ka fi sani yau ta biyo wata hanya ce mai ban mamaki. A 1848, a wani ƙauye na Amurka da a ke kira Hydesville, waɗansu 'yan mata biyu 'yan gida ɗaya, Margaret Fox da Kate Fox, su ka ce ruhun wani mamaci yana yi musu magana ta hanyar ƙwanƙwasa. Labari ya bazu, masu da'awar kiran matattu su ka yi yawa a Amurka da Ingila. Da aka shiga shekarun 1870 sai abin ya wuce ƙwanƙwasa. A kan tara mutane a ɗaki mai duhu, mai kiran ta shiga bayan labule, can an jima sai a ga wata siffa cikin fararen tufafi ta fito tana yawo. Sai su ce ruhu ya yi "materialise", watau ya yi jiki ya bayyana.

Galibin abin nan damfara ce. A 1880, a Landan, waɗansu daga cikin 'yan kallo su ka cafke "ruhun", sai ga shi ashe mai kiran ce da kanta, wata mace da aka sani da suna Florence Cook. A 1888 kuma Margaret Fox ta faɗa a gaban taro cewa da gaɓar yatsan ƙafarta ta ke yin ƙwanƙwasar nan, ko da ya ke daga baya ta janye maganarta. Masu damfara sun ji kunya, amma kalmar ta tsira. 'Yan jarida su ka ɗauke ta, su ka shiga faɗinta a kan kuɗi, da ruwan sama, da shirin gwamnati, da duk abin da aka zauna ana jiran a ga ya fito. Har yau da sauran ƙanshin ɗakin nan mai duhu a jikinta, gama kullum tana ɗauke da jira, da kuma shakkar ko abin zai fito ko ba zai fito ba.

MA'ANA BIYU NA YAU

Ma'ana ta fari, wadda ta fi yawa, ita ce abin da aka shirya, ko aka yi alkawari, ko a ke tsammani, ya tabbata. Ga misali. Tun da daɗewa a ke maganar kai hanyar jirgin ƙasa Barno. A 1958 aka fara aikin daga Kuru, kusa da Jos, aka bi ta Bauchi da Gombe, a 1964 jirgi ya shiga Maiduguri. Mai rubuta tarihi da Turanci yana iya cewa, "The railway to Bornu materialised in 1964." Haka kuma a 1976 aka yanke shawarar gina sabon babban birnin Nijeriya a Abuja, amma sai ran 12 ga Disamba, 1991, gwamnati ta tashi daga Ikko ta koma can. Shekara 15 ke nan tsakanin magana da cikawa. A nan ma kalmar ta zauna daram, domin abin da ke kan takarda ya zama tituna da gine-gine.

Ma'ana ta biyu ita ce mutum ko wani abu ya ɓullo ba zato, ba a ga ta inda ya fito ba. "A policeman materialised beside the lorry." Da Hausa sai mu ce, "Sai ga ɗan sanda a gefen motar kamar daga sama." Wannan ita ce ta fi kusa da maganar masu kiran ruhu, kuma sau da yawa da ɗan ba'a a cikinta. Bature yana iya cewa, "At last the tea materialised," in ya daɗe yana jiran shayi har ya fara fid da rai. Irin wannan ta dace da hira da labari, ba ta dace da takardar ofis ba.

Wanda ya saba karanta jaridun Turanci zai lura da wani abu, watau kalmar nan ta fi yawan tafiya tare da "not", ko "never", ko "failed to". Dalili kuwa a fili ya ke. In abu ya tabbata, akwai kalmomi da yawa na faɗinsa, a ce an gina, an biya, an kawo. Amma in an sa rai an jira, abin bai zo ba, wannan kalma ita ce ke faɗin jiran da rashin zuwan gaba ɗaya.

Ga misali daga tarihi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an yi ƙarancin man girki a Ingila. A 1947 gwamnatin Ingila ta fara wani babban shiri na noman gyaɗa a Afirka ta Gabas, galibinsa a Tanganyika, ƙasar da ta haɗu da Zanzibar a 1964 su ka zama Tanzaniya. An yi nufin share daji fiye da eka miliyan 3. Aka kai motocin noma da ma'aikata, aka kafa sansani a Kongwa. Ashe ruwan sama bai isa ba a wurin, ƙasar kuma in ta bushe tauri gare ta kamar dutse, ga saiwoyin itatuwa suna karya injuna. A 1951 aka watsar da shirin, bayan an yi hasarar fiye da fam miliyan 30. Jimla guda ta isa ta ba da labarin nan duka: "The groundnuts never materialised." Bahaushe ya riga ya faɗi irin wannan da nasa bakin, da ya ce ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ga wani misalin na gida. A 1953 Anthony Enahoro ya kawo shawara a Majalisar Wakilai a Ikko, cewa Nijeriya ta sami mulkin kai a 1956. Ba a samu a wannan shekara ba. Jihar Yamma da ta Gabas sun sami nasu a 1957, Jihar Arewa a 1959, ƙasa duka kuma ta sami 'yanci ran 1 ga Oktoba, 1960. Sai a ce, "Self-government did not materialise in 1956." A lura, wannan jimla ba ta ce abin ya mutu ba, ta ce dai bai zo a lokacin da aka sa masa rai ba.

YAYA ZA A FASSARA TA?

Babu kalmar Hausa guda ɗaya da za ta maye gurbinta ko'ina, kada kuwa malami ya wahal da kansa wajen nema. Wuri shi ke zaɓen kalma. In shiri ne, sai mu ce ya tabbata, ko ya yiwu. In buri ne, ya cika. In kuɗi ne ko kaya, sun samu, ko sun zo hannu. In mutum ne, ya ɓullo, ko ya bayyana. In ruwan sama ne, ya sauka. Wajen korewa ma Hausa ta fi armashi. "The money he promised us never materialised," watau, kuɗin da ya yi mana alkawari ko ƙyallinsu ba mu gani ba. "The plan failed to materialise," watau, shirin ya sha ruwa, ko ya bi iska.

KURAKURAI HUƊU

Na ɗaya, shi ne kuwa mafi yawa, a ba kalmar abin da za ta faɗa a kai. Sau da yawa a kan ga yaro ya rubuta, "I want to materialise my plan," ko kuwa, "My plan was materialised." Gaskiya ne irin wannan aiki yana cikin ƙamus, shi ne ma na zamanin Addison, amma a Turancin yau da kullum ba safai a ke jinsa ba, mai duba jarrabawa kuwa jan alƙalami zai sa masa. Abu ne ke yin "materialise" da kansa. Waɗanda su ka yi nahawun Larabci sun san wannan da sunan fi'ili lazimi, masu nahawun Hausa kuma suna ce masa aikatau ƙi-karɓau. Hausa ma tana da irinsa. Mu kan ce tuwo ya dafu, gida ya ginu, abu ya auku, amma ba mai cewa "na dafu tuwo". Haka nan akwai bambanci tsakanin "tabbata" da "tabbatar da". Shirina ya tabbata, ni kuwa na tabbatar da shirina. To, "materialise" ita ce "tabbata". In ana son "tabbatar da", sai a ɗauko "carry out", ko "fulfil", ko "realise".

Na biyu, a sa ta a madadin "happen". Yaro ya rubuta, "An accident materialised on the Kaduna road." Wannan bai yi ba, domin ba wanda ya zauna yana jiran haɗarin nan, ba kuwa wani jiki ya yi ya fito ba, aukuwa kawai ya yi. Sai a ce "happened" ko "occurred". Amma fa mugun abu ma yana iya yin "materialise" in dā ma ana tsoron zuwansa. "The famine we feared did not materialise," watau yunwar da mu ke tsoro Allah bai kawo ta ba. Wannan daidai ne, gama tsoro ma wani irin jira ne.

Na uku, a rikita ta da 'yan'uwanta. "Realise" tana da ma'ana uku. Akwai ganewa, kamar "He realised that the river was deep," ya gane kogin da zurfi. Akwai cim ma buri, kamar "She realised her ambition," ta cim ma burinta. Akwai kuma kuɗin da ciniki ya kawo, kamar "The cotton realised 50 pounds," audugar ta kawo fam 50. Cikin ukun nan duka akwai abin da fi'ilin ya faɗa a kai. "Come true" kuwa ta mafarki ce, da fata, da abin da aka faɗa zai auku. "My dream came true," mafarkina ya zama gaskiya. A lura "come" a ke cewa. Yaranmu kan fassara daga Hausa su ce "become true", wanda ba haka Turawa su ka saba faɗa ba.

Na huɗu, a ga kalmomi sun yi kama a zaci ma'anarsu ɗaya. "Materialism" a maganar yau da kullum son abin duniya ne, "materialist" kuwa mai son abin duniya. "Immaterial" sau da yawa tana nufin abin da ba shi da muhimmanci ga maganar da a ke yi. Gidansu ɗaya da kalmarmu, amma kowa da sana'arsa.

GARGAƊIN MASU HARSHEN

Kada mu zaci mu kaɗai ne ke wuce gona da iri da wannan kalma. Turawa ma sun yi, har manyansu su ka tsawata. H. W. Fowler, cikin littafinsa na ƙa'idodin Turanci wanda ya fito a 1926, ya yi ƙorafi a kan masu tilasta mata aikin da ba nata ba. Sir Ernest Gowers kuma, wanda Baitulmalin Ingila ya roƙa ya rubuta wa ma'aikatan gwamnati littafi a kan rubutu mai sauƙi, ya fitar da "Plain Words" a 1948, da "The Complete Plain Words" a 1954. Shi ma ya sa ta cikin kalmomin ƙawa waɗanda ya kamata mai rubutu ya dakata kafin ya ɗauka, ya duba ko ƙaramar kalma za ta biya bukata. To, in masu harshe suna jan kunnen junansu haka, ina ga mu da mu ka koya a aji? Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Doguwar kalma a wurin da ba nata ba, ba ta nuna ilmi, sai ma ta tona asirin mai ita.

YADDA ZA A KOYAR DA ITA

Ba kalmar ƙananan azuzuwa ba ce. A bari sai yara sun iya "happen", da "appear", da "come true" sosai tukuna. In lokaci ya yi, kada malami ya fara da rubuta ma'ana a allo. Ya fara da abin da yara su ka sani. Ya tambaye su, in hadari ya haɗu a gabas, ya yi baƙi ƙirin, mata sun kwashe shanya, kowa ya fid da tulu da bokiti, sa'an nan iska ta zo ta watsa shi, me za a ce? Za su amsa da Hausa. Sai ya rubuta, "The rain did not materialise." Kashegari ya kawo wani misali inda abin ya tabbata. In sun ga misali biyar ko shida, su da kansu za su fid da ma'anar, abin da yaro ya gano da kansa kuwa ba ya mantawa.

Bayan haka ya ba su tambaya biyu da za su riƙa yi wa kansu kafin su rubuta kalmar. Ta fari, dā ma ana jiran abin nan, ko kuwa ɓullowa ya yi kamar daga sama? Ta biyu, abin ne da kansa ya tabbata, ba wani ne a ke cewa ya tabbatar da shi ba? In amsar duka biyu i ce, su rubuta. In ɗaya ta zama a'a, su nemi wata kalma.

Ga jimloli biyar, mai karatu ya gwada kansa kafin ya duba amsa.

1. The new classroom we were promised has not materialised.
2. The headmaster materialised the sports day.
3. A fire materialised in the market last night.
4. A goat materialised in the middle of the football field.
5. My hopes were materialised.

Ta 1 daidai ce, an yi alkawarin aji, an jira, ba a gani ba. Ta 2 kuskure ce, "organised" a ke so, domin hedimasta ne ya shirya wasan. Ta 3 kuskure ce, gobara tashi ta ke yi, sai a ce "broke out". Ta 4 daidai ce in labari a ke bayarwa na ban dariya, akuya ta ɓullo tsakiyar fili ba a san ta inda ta shigo ba. Ta 5 kuskure ce, sai a ce "My hopes were realised," ko kuwa "My hopes materialised."

Wanda ya ci biyar ɗin nan ya isa ya tsaya gaban aji da wannan kalma. Wanda ya faɗi ɗaya ko biyu kuwa, ya sake karanta kurakuran nan huɗu, sa'an nan ya ɗauki jaridar Turanci ya nemi inda kalmar ta fito, ya duba me ya zo gabanta, me ya zo bayanta, ya rubuta jimlar cikin littafinsa. In ya tara goma, ya sami darasin da zai koyar ran da aka tura shi koyarwar gwaji. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa mu koyar da shi daidai, amin.